Tsarabar Luba daga Jos

Ni Arzika, manomin albasa a Aliero,
gemuna ya yi fari a bakin fadama.
Na san ganye tun daga tafasa har yaɗiya,
amma abin da Luba ta kwance daga tsohuwar jarida
idona bai taɓa cin karo da shi ba.

Kore shar, siriri kamar alƙalamin kara,
kansa a tsuke kamar ɗan mashi.
Ta ce, "Asfaragus."
Na ce, "Mi?"
Ta maimaita, harshena ya yi tuntuɓe sau biyu,
jikoki suka faɗi ƙasa don dariya.

Ta durƙusa, ta danna yatsa a ƙafata,
ramin ya daɗe bai cike ba.
Shirun ma'aikaciyar jinya ta yi mini,
ba shirun ɗiya ba.
"Baba, wanga yana sa fitsari gudu,
yana sassauta cikin da kan ɗaure ma kwana uku.
Ige mai juna biyu ta ci ita ma,
akwai abin gina jinjiri a cikinsa.
Amma ƙwayar hawan jininka tana nan daram,
ganye ɗan rakiya ne, ba likita ba."

Ta turara shi jim kaɗan,
ta ɗiga man gyaɗa, ta barbaɗa ƙuli,
ta ɓoye gwangwanin gishiri a bayan randa
tana zaton ban gani ba.
Na ciza. Ƙaras.
Ɗan ɗaci, ɗan zaƙi, ƙamshin ƙasa bayan yayyafi.
Na ce bai kai rama ba,
hannuna kuwa ya riga ya koma akushi.

Cikin dare na zagaya bayan ɗaki,
wani wari ya tashi da ban san shi ba.
Na yi salati, na buga mata ƙofa:
"Luba, tashi, wani ciwo ya shigo!"
Dariya ta hana ta ɗaura kallabi.
"Baba, sallamar baƙon naka ke nan,
haka yake gaida wanda ya ci shi."

Da safe ta nuna mini hotonsa a waya,
ya girma, ya yi gashi yala-yala.
Na kai fuska kusa, na ja baya.
Ashe ɗan'uwan ƙayar ɓera ne,
wadda nake sara a kan iyaka ina tsaki
tun ina bin bayan mahaifina da ƙaramar hauya.

Na ce, "Zai yi a nan?"
Ta ce, "Wataƙila, in ya jure zafinmu.
Sai dai ba albasa ba ne mai wata huɗu,
shekara uku ake jira kafin a yanka."

Shekara uku.
Na ɗora su kan sittin da bakwai ɗina,
na dubi ƙafata, na dubi cikin Ige.
Na taka kunya biyu kusa da rijiya,
inda inuwar mangwaro kan faɗa da azahar,
na kafa kara.
Na ce, "In za ki dawo da salla, taho da irin."