Jemagun Talatin da Bakwai

Tirotiro ya mutu a Talatin da Bakwai.
Direba ya shige ƙarƙashi da tsumma a kafaɗa,
fasinjoji na tsaki, kowa na duban agogo.
Ni da ba wanda ke jirana
sai na ɗaga kai.

Ga su nan suna reto a rassan maɗaci,
kamar wankin da aka shanya aka manta,
ƙafa sama, kai ƙasa,
kowa ya ƙudundune cikin mayafinsa.

Shekara goma sha ɗaya ina bin hanyar nan.
Na san warinsu, na san kashinsu a gilashin mota,
na san hayaniyarsu gab da magariba.
A Ankara aka haife ni,
amma sai yau na ankara.

Ɗaya ya yi miƙa.
Ya buɗe fiffike, yatsa bayan yatsa,
huɗu na ƙirga, sirara kamar tsinken tsire,
da fata a tsakani, rana na ratsa ta jajir.
Ya girgiza, ya ninke.
Duk faɗin nan ya koma bai cika tafin hannu ba.

Sai rumfar Iya Lantana ta faɗo mini,
mai koko a bakin kwatar Nima.
Da asuba sai ta nemo ƙarti biyu su kafa,
da hantsi ta nemo biyu su sauke,
ladansu ƙosai shida-shida,
kuma bana sau uku iska na yin gaba da ita.

A bayan takardar kuɗin wuta na zana,
da biron aro daga wata 'yar makaranta.

Baba Gariba, da ya koya mini gyaran laima,
yakan ce: "Hannu bawan ido ne, yaro.
In ubangida ya yi barci,
bawa aikin jiya zai maimaita."

Kwana tara a shago,
da haƙarƙarin tsofaffin laimomi,
wayar keke, da buhun shinkafa da na farke.
Ta farko ta karye a gwiwa.
Ta biyu ta datse mini yatsa.
Na biya kuɗin mota na koma,
na tsaya har wuyana ya ƙage,
wani soja a bakin ƙofa yana ta hararata.
Ashe gwiwar ba a tsakiya take ba,
ta fi kusa da jiki.

Yanzu da hannu ɗaya Iya ke buɗe ta,
ɗayan na riƙe da ludayi.
"Wa ya koya maka wannan?"
"Wani malami ne, kai ƙasa yake ba da karatu."
Ta yi dariya, ta ƙara mini ƙosai biyu.

Har yau kusurwar hagu tana yoyo.
Ga hadari ya haɗo daga teku.
Bari in je in ga
yadda suke yi in ana ruwa.