Akwatin da Ban Taya Ba

Shekara talatin da ɗaya ina karɓar haihuwa,
da na aje aiki, hannuna ya ƙi zama.
Sai na koma tara akwatunan kayan ado,
tsofaffi, waɗanda masu su suka riga mu gidan gaskiya,
ko babu ta fitar da su ta ƙofar baya.

Goma sha bakwai ne a kan kabad ɗina a Gangare.
Akwai na katakon maɗaci mai ƙafa uku,
ta huɗun na tokare da kwalin ashana.
Akwai battar tagulla aikin Bida,
da wani na Naraguta mai rigar jar fata,
har yau in damina ta kankama yana warin majema.
Akwai na gwangwani mai hoton jirgin ruwa,
wai matar Baturen kuza ce ta bar wa kukunta a Bukuru.
Wai. Ni dai ba a gabana aka yi ba.

Jikata Tasalla kan ce, "Iya, duk fa wofi ne."
In ce, yarinya, gwal matafiyi ne,
yau a wuyan wannan, gobe a ma'aunin maƙeri.
Akwati ke zama ya riƙe gurbi.

Zaɓena ba wani asiri.
In ɗaga in ji nauyi, kamar yadda nake wa jariri.
In kife in duba gindi, can ne kafinta ba ya ƙarya.
In buɗe a hankali ina saurare:
murfin da bai yi kuka ba yakan tsorata ni,
sabo ne aka shafa wa ƙasa.
Sannan hanci: kafur, kwalli, turaren wuta,
zufar wuyan da ban san mai shi ba.
Madubi kuwa na fi son mai tabo-tabo,
wanda ya ga fuskoki har ya gaji.

Ran Laraba a Dilimi aka tsuge da ruwa har da ƙanƙara,
na fake a rumfar Sallau mai gwanjo,
tsakanin fitilun ƙwai da dutsen guga na gawayi.
Ya jawo wani ƙarami, bai cika tafi biyu ba,
gara ta ci kusurwa, makulli ya ɓata.
Shuɗin ƙyallen cikinsa duk ya koɗe,
sai da'ira biyu inda awarwaro suka kwana shekaru,
nan launin yana nan daram.

Na girgiza. Wani abu ya motsa a ƙarƙashi.
Na sa farce na ɗaga ƙyallen:
ɗan ƙulli a tsumman atamfa, an naɗe da baƙin zare.
Sallau ya leƙo ya ce, "Datti ne, Hajiya, kawo in yar."

Ni kuwa na san abin da na gani.
Cibiyar jariri ce, ta bushe kamar dabinon bara,
da zaren asibiti a jikinta,
ƙulli biyu, irin ɗaurin da aka koya mana.
Awarwaron sun tafi, ko a kasuwa ko a rabon gado,
wannan kuwa ta ɓoye inda mai rabo ba zai duba ba.

Ina ɗan yake?
Ko yana jan a-daidaita a Taminus,
ko ya yi furfura a wani ofis yana sa hannu,
ko bai kai yaye ba.
Ba mamaki ma yatsun nan ne suka ɗaure.

Ni da nake taya kaya har mai su ya yi zuciya,
ya ce dubu shida, na ƙirga na miƙa.
Ya bi ni da kallo,
yana jin haushin bai ce goma ba.

Ban sa shi a layin 'yan'uwansa ba.
Na naɗe shi da tsohon mayafina,
yana gefen gado, inda sanyin Jos ba ya kaiwa.
Tasalla ta ce, "Wannan ma wofi ne?"
Na ce, ja mana tagar nan, iska na shigowa.