Lissafin Toka

Kwana tara bayan wutar
na hau tudun, ina dogara sanda.
Shekara arba'in ina tsaga fatar itatuwan fain a nan,
ina rataya musu kaskon yumɓu, su tsiyayo mini ƙaro.
Yau ga su tsaye baƙi ƙirin,
gawayin da ya ƙi kwanciya,
kasakena a farfashe a gindinsu.

Graciete ta riga ni isa,
'yar Deolinda mai gasa burodi,
wadda ta je Coimbra ta karanto ƙasa
kamar yadda wasu ke karanto shari'a.
Ta durƙusa, ta share toka da gefen hannu,
ta ɗiga ruwa, ɗigo ɗaya tak,
ta zuba wa agogo ido.
Ɗigon ya zauna ƙememe, yana ƙyalli.
Minti ɗaya. Biyu. Biyar.
"Kawu Amândio, ka gani? Ƙasa ta ƙi sha.
Maiƙon ganye ne ya narke, ya nutse, ya daskare,
ya yi mata riga."

Na ce, to me ya saura?

Ta ce, naitirojin dai ya tafi,
shi da ke sa ganye kore shar.
Ba ya jure zafi, hayaƙi ya bi,
wataƙila yanzu yana bisa teku.
Amma kanwa na nan, da alli, da fosfaras,
masu nauyin jiki, ba sa tashi.
Ta damƙo toka hannu biyu:
baƙar tana da sauran rai,
farar kuwa, nan wuta ta zauna ta ci ta ƙoshi
har ta dafa zaren naman kazan
da ke ɗebo wa saiwa abinci.

Na yi shiru. Uwata ba ta san sunayen nan ba,
amma ta tace toka ta wanke zannuwan gado,
ragowar ta watsa wa kabeji,
ta ce tana kashe tsamin ƙasa.

Abin da itace ya tara shekara hamsin,
allura bisa allura, a hankali,
wuta ta biya shi yini guda.
Ƙasa ta zama maraya da aka damƙa wa gado dungurungum
alhali ba shi da aljihu.

Don haka muka yi tsere da Oktoba.
Muka kwantar da kututture a gicciye bisa gangare,
muka shimfiɗa tattaka har bayana ya ƙage.
Mu goma sha ɗaya ne, tudu kuwa tudu ne.
Ruwa ya sauko daren Talata.
Da safe na tsaya a kan gada
ina kallon kogin Zêzere baƙi kamar tawada
yana wucewa da abincin dajina.
Inda muka rufe ya riƙe. Inda ba mu kai ba,
dutse ya fito kamar haƙarƙarin tsohon jaki.

Da Afrilu ta sake kirana.
Wasu 'yan tsirrai sun ɓullo,
irin masu furen rawaya da nake sarewa da,
ina zaginsu.
Ta tumɓuke ɗaya, ta nuna mini ƙulle-ƙulle a saiwarsa:
"Dangin wake ne. Su za su maido abin da hayaƙi ya ɗauke,
kaɗan-kaɗan, daga iska."
Ashe bashi nake zagi.

Kusa da takalmina kuma, ga fain,
tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba.
Zafin da ya kashe uwarsa
shi ya buɗe kwanson da ya sako shi.

Sai ya shekara talatin kafin ya karɓi wuƙa.
Ni ina da saba'in da ɗaya.
Na tono kasko guda da bai fashe ba,
na karkaɗe tokarsa a gindin tsiron,
na kife shi a gefe
inda mai zuwa zai yi tuntuɓe da shi.