Bayan Bango

Iya Kuluwa ta zo daga Bagalam,
kunci ya kumbura kamar ta ɓoye goro.
Ƙuli-ƙulin da ta toya da hannunta
shi ya tsaga mata turmi.

Na ɗora mata rigar dalma,
mai nauyin jaririn da barci ya kwashe.
Na ce, cije wannan, Iya, kar ki motsa.
Na ja waya na fita,
na laɓe bayan bango, na danna.

Ƙit. Shi ke nan.
Ba zafi, ba ƙauri, ba hayaƙi.

Da na dawo ta kafe ni da ido:
Ƴar nan, in abin ba ya cizo,
me ya kai ki bayan bango?

Na ce, Iya, ke yayyafi ya taɓa ki yau,
kafin ki kai titi kin bushe.
Ni ce ke ƙarƙashin indararo,
shekara goma sha ɗaya, baki ashirin a wuni.

Duk wata shida Lawali na ɗakin gwaji
yakan ɗaure min hannu, ya ɗebi kaɗan,
ya shafa a gilashi, ya rina,
ya ce, Barira, zo ki ga mutanenki.

Na sa ido a madubi.
Ga jajaye birjik, kamar gyaɗa a shanya,
farare kuwa jefi-jefi,
ɗaya nan, ɗaya can,
kamar masu gadin babbar kasuwa bayan isha.

Ya ce hasken nan ratsa jiki yake
yadda iska ke ratsa zana.
Sau da yawa ba ya taɓa komai.
Wani lokaci yakan tsinka zare guda
a can cikin ƙwayar, inda aka rubuta kamanninki.
Akwai teloli a jiki, in ji shi,
ba sa barci, suna ta ɗinki.
Na ce, tela ba ya kuskure?
Sai ya shiga goge gilashin idonsa.

Wannan karon ya ƙirga sau biyu.
Fararenki sun ɗan ja baya.
Wataƙila masassarar damina ce.
Wataƙila.
Ki dawo bayan wata.

Na hau kabu-kabu zuwa Mokoyo,
takardar na naɗe a bakin zane.
Da dare wuta ta ɗauke,
na kifa tafina a kan tocila.
Ja wur, har tsakanin yatsu,
gari guda yana ta hidima
bai taɓa neman lada a wurina ba.

Da safe na buɗe aljihun tebur,
na ciro ƴar ma'aunin hasken
da na daina maƙalawa tun bara,
na soke ta a ƙirjin riga.

Jikan Iya Kuluwa na bakin ƙofa da ƙullin leda.
Wai an cire haƙorin, ta yi barci,
wai in ci a hankali,
kuma in ƙara matsawa bayan bangon.