Agogon da ba ya faɗin lokaci

Bara'atu ta ɗaura mini shi a asibitin Tawa,
baƙin abu, bai fi dabino biyu ba.
Ta ce, "Baba Nomau, wannan murya yake ƙirgawa,
taka, da ta wanda ya zauna kusa da kai.
Abin da kuka faɗa kuwa, ba ya riƙewa."
Na ce, to, ya fi maƙwabta kirki.

Mako na fari ta juyo mini allo.
Litinin, minti huɗu.
Talata, ɗan garuwa ya yi sallama, na amsa.
Laraba fili fetal,
kamar gona bayan an kwashe kara.
Ban san shiru yana da awo ba
sai da na ga nawa a tiya.

Da can a fadarmu ta Bilbis
mu bakwai ne kan tabarma biyu,
shayi zagaye uku, gardama har lisha.
Tankari ya riga mu. Abarshi ya bi.
Wanda ya saura, kunne ya toshe.
Yarana suna Abijan.
Kuɗi na zuwa ran biyar ga wata,
murya sai da Salla,
ita ma tana yankewa.

Likita ya ce sunansa ciwon damuwa.
Ni dai dutse na sani a ƙirji,
wanda ke hana ni ɗaga labule da hantsi.

Mako na huɗu sai ga Bara'atu da fara'a:
"Baba, duba! Kowane dare minti arba'in!
Wa ka samu?"
Na dubi ƙasa.
Yaya zan ce mata Tsahara ce,
wadda muka rufe damina uku baya?
Ina gaya mata kuɗin albasa, da yoyon ɗaki,
da akuyarta da ta haifi biyu.

Ta sake duban allo, ta daɗe.
Layin amsa babu komi.
Ba ta rubuta ba.
Ta aje biro, ta jawo kujera:
"Wace miya ta fi iyawa?"
Na fara daga yakuwa.
Ba mu tashi ba sai da aka kira la'asar.

Ranar, abin ya ƙirga murya biyu.

Jibi Lahadi, kasuwa za ta ci.
Ta ce in je, ko ban sayi komi ba.
Na ce sai na gani.
Na dai wanke hulata.