Zare Ya Tsinke

Kwana arba'in da ɗaya na zana da alli
a bangon shago, bayan keken ɗinki,
kowace safiya layi guda, kamar mai bin bashi.
Tari ya lafa. Har na fara jiyo ƙamshin
ƙosan Tasalla tun daga bakin kwalbati.

Sai ranar Laraba.
An ɗauke wuta tun azahar,
dutsen guga ya huce, aiki ya taru,
mai shadda ya zo ya tokare ƙofa
ya wanke ni tas a gaban yaran shago:
ɗaurin aure jibi, wuyan riga ko zane babu.
Na ce ya yi haƙuri.
Ya ce ba a sa haƙuri a je taro.

Ƙafata ce ta san hanya, ba ni ba.
Teburin Sallau na nan inda na bar shi,
gindin dalbejiya a Ƙofar Marusa.
Bai tambaye ni ina na shiga ba,
ya miƙo kara ɗaya da ashana
kamar jiya muka rabu.

Zuƙar farko ɗaci.
Ta biyu jiri.
Ta uku, to, ƙaryar me zan yi? Daɗi.
Na sha har ta ƙona mini yatsa.

Na tauna kanumfari uku a hanya,
na kurkure baki a famfon masallaci.
Ladiyo ta karɓi hulata,
ta riƙe ta ɗan jim kusa da fuska,
ta rataye. Ta kawo tuwo.
Da ma faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Da sassafe na zo da jiƙaƙƙen tsumma
zan share bangon kaf.
Zuciya tana raɗa mini:
wanda ya riga ya jiƙe, me zai ji wa ruwa?
Je ka sayo kwali.

Malam Haladu, da ya koya mini riƙon almakashi,
yana kan benci yana hura shayi.
Ya dubi tsumma, ya dubi yatsata.
Ya ce, Tanimu, in zare ya tsinke tsakiyar ɗinki
ka taɓa farke rigar?
Na ce a'a.
Ya ce, yaya kake yi?
Na ce, in lashi bakin zaren, in zura,
in ɗan koma baya, in ɗora.
Ya ce, to.
Ya kurɓa. Can ya ƙara:
Ni sau shida na bar ta kafin in bar ta.

Ban goge ba.
Na zana ɗan da'ira inda Laraba take,
don kada in yi wa bango ƙarya.
Na faɗa wa Ladiyo abin da ta riga ta sani.
Na aika wa Sallau: ko da kuka na zo, ka ce ta ƙare.
Yanzu ta Rafindadi nake zagawa gida,
da nisa, amma babu dalbejiyar.

Har yau bayan la'asar takan zo,
ta zauna mini a maƙogwaro kamar baƙon da bai da kunya.
In sa aswaki a baki, in taka keke,
in bar ta ta gaji ta tashi.

Layi tara ne bayan da'irar.
Ƙunar yatsar ta kusa warkewa,
sai dai in na tura yadi ƙarƙashin allura
takan ɗan tuna mini.