Ganyen Ayaba a Ɗakin 'Yan Ƙuna

Babban yatsan ƙafa ne kawai ya kumbura,
shi ya hana Bunlert shiga gonar shinkafa.
Aka ba shi farar ƙwaya, alofurinol,
ɗaya kullum bayan kari.
Ni ce ma nake miƙa masa ruwan.

Mako na uku zazzaɓi ya sauka.
Ido ya kaɗa ya yi jajir, leɓe ya tsage,
ko miyau ba ya haɗiyuwa.
Na dafa kafaɗarsa in tashe shi,
fata ta biyo hannuna
kamar ɓawon dafaffen tumatir.

A asibitin Khon Kaen aka kai shi ɗakin 'yan ƙuna,
mutumin da ko wuta bai kusanta ba.

Likita Siriwan ta ce in zazzage jakata.
Ta ɗauki kwalin, ta juya shi, ta jefa aljihu.
"Maganin farko shi ne barin wannan.
Dakarun jikinsa ne suka rikice, suna harbin gida.
Za mu ba shi saikulosforin ya lallashe su."
Na ce, ƙwaya ta kayar da shi,
kuma wata za ku ƙara masa?
Ta ce da ƙaya ake cire ƙaya,
amma idonmu na kan ƙodarsa.

Kowace asuba a ɗebi jini.
Ledar ruwa na ɗiga, ina ƙirgawa har in ɓata lissafi.
Duk awa biyu a buɗe ido a ɗiga magani
kada fatar ta manne ta rufe masa duniya.
Zanin gado na cizon bayansa,
sai suka shimfiɗa ganyen ayaba da aka turara,
irin wanda nake naɗe masa shinkafa in zai fita.
A kansa ya kwana goma sha ɗaya.

Ranar da sabon ƙurji bai fito ba
babu wanda ya yi guɗa.
Nas ta rubuta a takarda, ta wuce.

Yanzu sabuwar fata ta tofo, jajaja kamar ta jariri,
ba ta son rana.
Farce uku sun faɗi.
A aljihun rigarsa akwai kati ɗauke da sunan ƙwayar,
ko kasuwa ba ya zuwa babu shi.

Yatsan nan kuwa har yau yakan motsa da dare.
Sai ya ɗora shi kan matashi,
ya dube shi, ya yi shiru.